Dijatu Mai Juya Kibod

Dijatu ɗiyar mahauci ce, a Tudun Wada aka haife ta, gidan da sana'ar nama ta zama gado. Ita kam wuƙa ba ta taɓa ba ta sha'awa ba. Da ta gama sakandare ta koyi buga rubutu wajen gwaggonta, daga nan ta samu aiki a wani shagon kwamfuta a Ƙofar Marke.

Kwamfutocin shagon na kowa ne, sai dai duk mai yawan zuwa yana da sunansa da kalmar sirrinsa. Malam Abdulshakur, limamin wani masallacin unguwa, da Larabci yake buga huɗubarsa, in ya tashi kuma sai ya bar kibod a Larabci. Alhaji Yari, dillalin shanu mutumin Ƙonni, bokon Faransanci ya yi, shi kuma tsarin Faransa yake sawa, inda harafin A ke zaune a gurbin Q. Mai zuwa bayansu zai buga kalmar sirrinsa daidai, allo ya nuna ɗige-ɗige kawai, kwamfuta ta ƙi buɗewa.

Wata Alhamis Alhaji Yari ya zauna a kujerar da liman ya tashi. Ya buga, ya sake bugawa, har ya cire hula ya ajiye.

"Ɗiyata, taho ki gani. Na'urar ga ta mance ni."

"Ba ta mance ka ba, Alhaji," in ji Dijatu. "Malam ne ya bar ta tana jin Larabci."

Ta nuna masa alamar harshe a kusurwar allo ta ƙasa. Ya danna, ya zaɓi nasa, ya buga, ta buɗe.

Alhaji ya ce, "Ashe karatu ta shiga wurin Malam. To Allah shi yi albarka."

Liman yana bakin ƙofa bai riga ya fita ba, ya yi dariya har ya dawo ya miƙa masa hannu. Ranar suka san juna. Daga baya Alhaji ya riƙa barin Faransanci da gangan in ya san Malam na tafe, Malam ya rama da Larabci, Dijatu ce mai raba gardama. Duk sabon zuwa kuwa, abin da take fara koya masa shi ne ya dubi kusurwar nan kafin ya taɓa komai.

A haka yatsunta suka haddace tsari uku, na Turanci da na Larabci da na Faransa, har takan buga wa liman huɗuba in idonsa ya gaji. Da ta auri Kamilu tela ta haihu, Alhaji Yari ne ya aiko da ragon suna, Malam ya raɗa wa jaririyar suna Ni'imatu. Yanzu Dijatu ce ke riƙe da shagon, da yarinyar goye a bayanta, kuma ta fara koyar da matan unguwa buga rubutu ranar Asabar da hantsi.