Naman Bunsurun Rijiyar Inkil

Har gobe ban manta da ranar da muka kai ga danshi a wata rijiya da muke haƙa a Inkil ba, a ranin ƙarshe kafin a sami 'yancin kai. Ku da kuke aikin burtsatse yanzu, inji ne yake shiga ƙasa kuna tsaye a inuwa kuna shan rake. A zamaninmu mutum ne injin.

Ga yadda tsarin yake. Ɗan kwangila yana cikin gari, ba ma ganinsa sai jefi-jefi. A wurin aiki hedima ne shugaba, namu sunansa Dogo. Ƙarƙashinsa akwai mu masu shiga, muna karɓa-karɓa, sai masu igiya, sai leburori masu kwashe ƙasa. Mutum biyu ne suke riƙe igiyar wanda yake ciki, ɗaya ba ya iyawa. Kafin kowa ya sauka ana zura fitila, idan ta mutu iskar ciki ba ta da kyau, sai a dakata. Zoben siminti kuwa ana jera shi ne bayan an wuce marmara, domin ya tare yashi.

Ni Bulus, daga duwatsun Bogoro na zo Bauchi neman aiki, da matata Saratu da 'yarmu ta goye. Ban daɗe da yin baftisma ba. Ubana shi ne mai kula da tsafin gidanmu, a hannunsa na tashi ina riƙe masa ƙafar akuya, saboda haka da na bi Almasihu na san abin da na bari, ba labari aka ba ni ba. Rijiyoyin da na yi a baya ƙarƙashin wani hedima na yi su, wanda ba ruwansa da irin waɗannan abubuwa. Wannan ce ta farko da na yi da Dogo.

Da ƙasa ta fara fitowa da sanyi, Dogo ya tsayar da aiki, ya aika aka jawo baƙin bunsuru. Al'adarsa ke nan. Ana yanka shi a bakin rijiya jinin ya zuba ciki, a roƙi iskoki masu wurin su saki ruwa kada su riƙe mutum, sannan a gasa, kowa ya ci. Wanda bai ci ba bai shiga alkawarin ba. Ina jin kalmomin da Dogo yake faɗa na gane su, don kusan su ne na ubana, yare ne kawai ya bambanta.

Aka miƙo mini nawa a kan ganye. Na ce na gode, ba zan ci ba.

Dogo ya ce, "Kai ɗan mishan, nama ne fa, ba guba ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji wanda aka yanka wa. Ubangiji ya hana ni haɗa shi da wani. Ka sa ni kowane aiki zan yi, ban da wannan."

Ya ce, "To Ubangijin naka ya riƙe maka igiya."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Masu igiya suka ce su kam ba za su zura wanda bai ci ba, kada ya jawo musu. Mutum ɗaya ne bai ce haka ba, Malam Sule, wani dattijo ɗan cikin gari, mai shiga ne kamar ni. Shi ya koya mini gane yashin da zai zubo tun ina sabon hannu, kuma shi ya samo mana ɗakin da muke ciki. Ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ƙanena, ni ma ba son abin nan nake ba. Na yi bisimilla na ɗauke shi sadaka, Allah ya san zuciya. Ka ɗan taɓa a baki kawai mu wuce wurin. Kana da iyali."

Na ce, "Malam, da ban san abin ba da na taɓa. Na sani."

Ya dube ni ya ce, "Taurin kai gare ka kamar jakin Kano. Shi ke nan. Gobe juyinka ne, ni zan shiga. Kai ka kwashe ƙasa har zuciyar Dogo ta huce."

Da na koma gida na gaya wa Saratu, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "Idan suka kore ka fa?" Na ce Allah ba ya kunyata mai yi masa biyayya. Da ƙarfi na faɗa, har da buga ƙirji. Gaskiya na ɗauka ciniki ne: na bi, shi kuma zai gyara komai.

Washegari da hantsi aka zura fitila, ta ci lafiya lau. Malam Sule ya ɗaura igiya ya sauka. Ina ta jigilar ƙasa da kwando, guga na hawa na sauka, har muna jin waƙarsa daga ciki. Sai muka ji wani sauti kamar an juye buhun gero, ƙura ta taso daga bakin rijiyar, waƙar ta yanke. Bangon da ke ƙasa da zoben ƙarshe ne ya zubo.

Aka yi ta kiran sunansa, shiru. Dogo ya ce wa zai shiga, kowa ya sunkuyar da kai, don abin da ya zubo sau ɗaya yana iya ƙarawa. Na ce a zura ni. Mutanen da jiya suka rantse ba za su taɓa igiyata ba, su suka riƙe ta, ba wanda ya tuna da nama. Ban yi amfani da diga ba don kada in sare shi. Da hannu na tona har farcena ya fita. Hularsa na fara samu, sannan kafaɗarsa. Jikinsa da ɗumi, amma ya riga ya cika.

Ko wanka ba a yi masa ba magana ta gama Inkil: wani Kirista ya ƙi cin nama, masu wurin sun ɗauki fansa. Dogo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bulus, ban ce kai ka kashe shi ba. Amma ba mai sake shiga rami kana wurin. Ka ɗauki kayanka." Na ɗauki kayana na tafi.

Ranar sadakar uku na je ta'aziyya. Yayansa ya karɓe ni a zaure da mutunci, ya ce kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarsa. Har na tashi zan tafi, sai muryar matar Malam Sule ta fito daga bayan zana.

Ta ce, "Kai ne Bulus? Kullum yana zancenka. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ni ban yarda da zancen bunsuru ba. Amma jiya-jiyan nan aka ce mini juyinka ne. Haka ne?"

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya fi korar da aka yi mini ciwo. Na kai wa mai bisharar majami'armu kukana, ya ce na yi daidai, ladana yana sama. Na san gaskiya ya faɗa, amma ranar na ji haushinsa, don shi bai ga marayun da na gani a zauren nan ba. Muka yi damina guda muna cin abin da Saratu ta samo daga surfe a gidajen mutane, kafin wani hedima da bai san labarin ba ya ɗauke ni wajen Zungur.

Abin da na koya game da masu haƙar rijiya shi ne ba mugaye ba ne, tsoro ne yake cinsu, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga kai daga ƙasan rami ya ga sama ta koma kamar faifai ba zai yi musu dariya ba. Game da biyayya kuwa, na daina buga ƙirji. Allah bai yi mini alkawarin bango ba zai zubo ba, cewa ya yi in bi shi. Bunsuru bai kashe Malam Sule ba, yashi ne. Amma ƙin da na yi ne ya sa shi a ƙasan yashin, kuma ba wanda ya gaya mini tun farko cewa nauyin biyayyar mutum yana iya faɗawa kan wanda ya fi ƙaunarsa.

Da za a sake miƙo mini naman nan yau, zan sake ƙi. Sai dai duk wanda ya ce muku bin dokar Allah abu ne mai sauƙi, bai taɓa tono abokinsa da hannu ba.