Sulke Marar Baya

Gidan da aka kai ni aure a Zangon Kumasi ba shi da abin taƙama sai riga guda, ita ma ba ta sawa ba ce. Sulke ne, rigar yaƙi ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙe da juna, gadon kakan surukina. Surukin nan nawa, wanda duk gida muke ce wa Baba, a da babban ɗan kasuwar goro ne, huhunsa har Ikko yake zuwa. Kafin in shigo gidan, kasuwa ta juya masa baya, barori sun watse, abokai sun rage zuwa. Abin da ya rage masa kujerarsa ce ta ƙofar gida da labarin sulken, kuma duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya ji yadda kakansa yake raka fatake zuwa Salga da ƙarfe a jikinsa. Saboda labarin nan ne har lokacin ake matsa masa wuri a sahun gaba a masallaci.

Shi kansa bai sa sulken a ido ba shekara da shekaru. A ganinsa kayan yaƙi ba a buɗe su haka kawai. Yana cikin adaka a ɗakin matarsa, Iya, ita ce take fito da shi bayan babbar salla ta shafe shi da man kaɗanya, don damshin Kumasi cin ƙarfe yake yi.

Akwai abin da duk matan unguwa suka sani, babu namijin da ya sani. Tun kafin a haife ni wata maƙwabciya tana ta haihuwa 'ya'yan suna komawa. Iya ta ji tausayinta, ta sa awartaki ta ɓalle zobe ɗaya daga sulken, ta zura a tsinken fata, wato siririyar igiya, ta ɗaura wa jaririn a ƙugu. Yaro ya rayu. To, kun san mata da magana. Hausawa suka zo, Zabarmawa suka zo, Mosawa da Dagombawa, har matan Tonawa, 'yan asalin garin, masu sayar da rogo a kasuwa. Iya ba ta iya cewa a'a, ko kwabo kuma ba ta karɓa. Dabararta ɗaya ce, daga baya take cira, ta ninke rigar ƙirji a sama.

Ni ma da na haifi ɗana na fari, da hannunta ta ɗaura masa ranar suna. Bai kai yaye ba ƙyanda ta ɗauke shi. A al'adarmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ba ta kuka a gani. Na bi al'ada tsaf, har ana yabona da kawaici. Amma lokacin da za a yi masa wanka na zare tsinken daga ƙugunsa ba tare da na yanke ba, na tura ƙarƙashin kwanoni a ɗakina. Da an gani, da na zama abin nuni a wurin ɗiban ruwa.

Sai ga shekarar da Turawa za su tafi. Aka ce kowace ƙabila za ta fito da kayan kakanninta a zaga gari. Dattawan unguwarmu suka sa wani mai zanen bayan motoci ya zana musu jarumin arewa a kan ƙyalle. Mutumin kuwa jarumin da ya sani na allon silima ne. Ya zana wani ƙato a kulle cikin ƙarfe tun daga kai har ƙafa, kamar garwar kananzir, ga gashin jimina a ka, ga takobi ya fi shi tsawo. Da aka shimfiɗa zanen a zauren gidanmu, muna daga ciki muka ji dariyar Baba, wadda muka daɗe ba mu ji ba.

“Wannan in ya faɗi wa zai tayar da shi?” in ji shi. “A zafin ranar Salga ai kafin azahar ya dahu. Sulke laushi gare shi, malam, yana bin jiki. Riga mai auduga ake sawa a ƙasa, a ɗaure ƙugu da ɗamara don kada nauyi ya karya kafaɗa. Ku jira ku ga na gaske. Ni da kaina zan sa shi ranar.”

Ya aika a kawo adaka. Iya da ta ji, sai ta shige madafa ta ce hayaƙi ya shiga idonta, ni in kai. Ban taɓa jin haushin tsohuwar nan ba kamar ranar. Na ɗora adakar a ka, na shiga zaure cike da maza, na durƙusa na ajiye. Na so in fice, amma mutane sun tare ƙofa, dole na rakuɓe a bango.

Baba ya yi bisimilla ya buɗe. Ƙirjin rigar yana ƙyalli da mai, mutane suka yi ta salati. Ya ce wa maza biyu su kama kafaɗun su ɗaga kowa ya gani. Suna ɗagawa hasken ƙofa ya ratso ta ciki. Tun daga wuya har ƙugu babu baya, sai 'yan zobba suna reto a gefe kamar yagaggiyar koma.

Wani Bazabarme maƙwabcinmu, mai yawan barkwanci, ya so ya rage nauyin abin. Ya ce, “Ei, Baba, kakanka dai bai taɓa juya baya ba koraa, ko sau ɗaya!” Biyu ko uku suka yi dariya, dariyar ta mutu a bakinsu. Baba ya sa hannu ta cikin ramin, ya fito da shi ta ɗaya gefen, yana duban hannun. Ni kuwa kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi, kunyar kaina da ta Iya da ta duk matan da na sani, kuma fiye da duka kunyar ganin dattijo ya tsaya tsirara a gaban mutanen da ya yi shekaru yana ba labari.

Daga ranar ya daina fita. Kujera ta zauna a ƙofa babu kowa, salla ma a ɗaki yake yi. Bai yi wa Iya faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Labari ya kai har unguwar Adum, can tsakiyar gari, cewa sulken gidan wane ashe rariya ce.

Iya ta yafa mayafi ta bi gida gida tana roƙon a maido da zobban. Mata ba su yi gardama ba, kowace ta yanke tsinken ta miƙo zoben. Wasu zobban daga ƙugun jarirai aka ciro su, wasu daga 'yan makaranta, wasu ma an aika ƙauyukan gonakin koko an karɓo. Niyyarta a kai wa maƙeri ya mayar kafin ranar zagayen. Aka tara a tasa. Da za ta kai wa Baba, na faki idonta na jefa nawa a ciki. Na yi niyyar yanke tsinken, na ɗauki wuƙa har sau biyu, na kasa.

Ta sa ni riƙe tasar, muka durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ta faɗa masa komai, tun daga maƙwabciyar farko. Ya daɗe yana juya zobban da yatsa, sai ya ɗago nawa, shi kaɗai da tsinkensa a ɗaure, da'irar ba ta fi awarwaro ba.

“Wannan fa, me ya sa ba a yanke ba?”

Iya ta duba, ta gane ƙullin hannunta. Ta ce a hankali, “Mai shi ba ya nan. Na wajen yarinyar nan ne.”

Na so ƙasa ta tsage. Ga surukina, wanda ban taɓa haɗa ido da shi ba, riƙe da shaidar cewa duk kawaicin da ake yabona ƙarya ne, ina nan ina ɓoyon kayan ɗan fari kamar marar tarbiyya.

Can ya ce wa Iya, don ba ya yi mini magana kai tsaye, “Ki gaya mata kakana ma a cikin rigar nan ya mutu. Mashi ne ya same shi a wuya. Wannan ban taɓa sa shi a labarin ba.” Ya tura mata tasar. “Mayar wa yaran mutane abinsu tun uwayensu ba su kasa barci ba. Dattawa su fita da zanen mai garwar kananzir ɗin, ni ba ni zuwa.”

Iya ta tashi da tasar. Na yunƙura zan bi ta, sai na ga hannunsa a miƙe wajena. Ya sa mini tsinken a tafin hannu, ya ce Allah ya jiƙan wane, ya kira sunan yaron ƙarara, sunan da ni da na haife shi ban taɓa furtawa ba. A nan, a durƙushe a gaban surukina, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, kuma bai ce in yi shiru ba.