Malam Maharazu, Wanda Suka Kira Munafuki

Mai rai Ya karɓi abinSa, kuma dukkanmu can muka nufa. Ranar Laraba da hantsi, goma ga Rabi'ul Awwal, shekara ta 1330 bayan Hijira, Malam Maharazu ɗan Ilu na Shahuci ya rasu a ɗakin matarsa Hajo, ƙanwata, bayan wata huɗu yana tarin jini. Ni Isyaku, baduku a Ƙofar Wambai, ni na rufe masa idanu.

Maharazu, shekara goma sha shida muka yi muna ɗaukar karatu a zauren Malam Baffa na Goron Dutse. Ran da na fara zuwa, 'ya'yan malamai suka toshe hanci, wai warin jima nake yi. Kai ka jawo buzunka ka zauna kusa da ni, ka buɗe littafinka a tsakaninmu. Duk baƙin karatun da na sani yau, da yatsanka ka nuna mini shi. Matan da aka danne wa gado, ƙofarka suke zuwa, ka faɗa musu haƙƙinsu, ka raka su gaban alƙali da ƙafarka, ko ruwan gidansu ba ka sha.

Bakinka kuwa bai taɓa barin malamai ba. Ka ce rawani ya yi yawa a birnin nan, tsoron Allah ya yi kaɗan. Ka ce tun da Nasara suka ci gari, wasu sun mai da fatawa abin neman fada. Kana faɗar haka, kullum da safe kuma kana cikin zauren da allonka da littafinka.

Sai maganar gidan 'Yardada ta zo. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, wani tafintan Bature ya ga gidanta ya so. Manyan ɗaliban zaurenmu biyu, Haruna da Shehu, suka je suka yi shaida cewa marigayin ya ba tafintan gidan kyauta kafin ya cika. Aka fitar wa tsohuwa da tukwanenta waje. Washegari ka miƙe a tsakiyar karatu ka ce shaidar zur suka yi.

Haruna ya ce, "Kai dai munafuki ne. Kullum kana zagin malamai, kullum kana zaune a tabarmar malamai. In mun lalace, me kake nema a wurinmu?"

Ka ce, "Ilmi nake nema, Malam Haruna. Amana ce aka ba ku, ba kayan gidanku ba ne. A nan zauren aka koya mini girman zunubin shaidar ƙarya. So kake in koya, in ga ana yi, in yi shiru? Ai da na yi shirun, nan ne zan zama munafuki."

Malam Baffa bai ɗaga ido ba. Ya ce, "Maharazu, ɗauki buzunka."

Ina zaune a wurin, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa shi ke hana ni cin abinci har yau.

Ka ɗauki buzun, ka shimfiɗa shi a bakin ƙofa ta waje. Wata guda kana zuwa, kana zaune cikin rana kana sauraron karatu, duk mai shiga sai ya raɓa ka. Abin da ya fi ƙona su ke nan. Haruna da Shehu suka bi ta hannun tafintan nan suka gaya wa Bature wai kana tara mutane kana wa'azin bayyanar Mahadi. Sun san babu abin da Nasara ke tsoro kamar wannan suna. Aka sa maka mari a ƙafa, ka yi wata tara kana ɗaukar ƙasa a ka a hanyar jirgin ƙasa. Ka tafi ƙaƙƙarfa, ka dawo Hajo ba ta gane ka ba sai da ka yi magana.

Kwana biyu kafin ka cika na tambaye ka ko ka yafe. Ka ce, "Malam Baffa na yafe masa, shi ya buɗe mini ido. Biyun nan kuwa, sai mun tsaya gaban Allah."

Ranar jana'izarka Haruna ya zo da sabon rawani, ya ratsa sahu zai ja salla. Na riƙe rigarsa na ce, "Ba a kan wannan gawa ba." Ya duba ko wani zai tsaya masa, babu, sai ya ja da baya. Shirun da na yi a zaure, ba zan sake yin irinsa ba.

Haruna, Shehu, ku ji da kyau. Takardar nan na kwafe ta bakwai. Za a karanta ta a rumfar dukawa, da ta marina, da ta mahauta, har sai yaran unguwa sun san sunanku da abin da kuka yi. Duk gaban alƙalin da kuka je shaida, za ku tarar da ni a can, in faɗi labarin gidan 'Yardada. In kun so ku kai ni wurin Bature, kun san rumfata. Ban yafe ba, Hajo ba ta yafe ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Maharazu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ka zaunar da shi cikin malamai na gaskiya. Ina yi wa Hajo ta'aziyya, da 'yarsu Indo, da mahaifinsa Baba Ilu wanda ya binne ɗansa da tsufansa. Allah Ya ba ku haƙuri. Waɗanda suka zalunce shi kuwa, ya Allah, kada Ka ɗauki ransu sai sun ga sakayya da idonsu, mu ma Ka bar mu mu gani. Amin.