Na Je Gummi Roƙa wa Ɗana Yafiya

Ana sallame sallar asuba muka ja ƙyauren gidanmu a Anka, ni da matar ɗana marigayi, wadda ke rubuta muku wannan a waya. Ni ban san baƙi ba, baki kawai gare ni. Ku 'ya'yana na dandalin nan, da kuka haɗa hannu kuka aiko mana da gero da mai ranar sadakar uku, ku kuka ce in na dawo in ba ku labari. To ga shi. In tsohuwa ta tsaya kuka a tsakiya, ku yi haƙuri.

Ga wanda bai san mafari ba, ɗana na fari yana cikinku. Yakan ɗauki hoton gonarsa ya sa a dandalin, wanda abin ya burge ya danna masa, dannawar ta zama kuɗin nan naku na kirifto da hannu ba ya taɓawa, shi kuwa ya canza ya yi mana cefane. Tun ina cewa aikin aljanu ne har na ci tuwonsa na yi shiru. Bara rigima ta tashi tsakanin 'yan Gummi da 'yan Anka da Bukkuyum kan shugabancin ƙungiyarku. Cikin zafin nan ɗana ya rubuta cewa wani mai zanen ƙwarya a Gummi ɓarawo ne, hotunan aikin wasu yake sawa, har ya haɗa da ubansa a zagin. Masu nauyin ƙuri'a suka yi ta danne bawan Allah ƙasa, hotunan da yake sawa suka daina kawo masa komai, ya fice daga dandalin. Daga baya ta tabbata ƙoran aikin hannunsa ne. Ɗana ya ce in an gama girbi zai je ya ba shi haƙuri. 'Yan bindiga suka riga girbi zuwa, suka same shi a gona wajen Sunke.

Ranar jana'iza liman ya ce mai haƙƙi ya yafe, jama'a suka amsa sun yafe. Amma mai haƙƙin gaske ba ya wurin. Wannan ya tsaya mini a ƙirji kamar ƙaya. Na jira yarinyar nan ta fita takaba, na ce da ita mu tafi.

Sammakonmu na banza ne. Direba ya ce ba ya ɗaga ƙafa sai motar farko ta shigo daga can ta shaida hanya lafiya. Muka zauna a tasha har rana ta yi zafi, na sayi ƙosai ƙanana kamar ƙwan zabo, mai suyar tana rantsuwa da tsadar wake. Kuɗin mota kuwa, da su maigidana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa sayen tunkiya da ɗanta. Aka cusa mu baya tare da buhunan gishiri, ƙafata ta mutu tun ba mu bar gari ba.

Hanyar nan na san ta da yawan mutane. Yanzu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko akuya ba. Ga ƙauyuka ƙofofi a buɗe, rumbuna sun rufta, dawa ta bushe a tsaye ba mai yanka. Duk inda daji ya yi duhu sai hira ta mutu a mota, ba ka jin komai sai ƙarar carbi. Kusa da ni wata Bafulatana ce daga wajen Gwashi, an kore musu shanu duka, za ta wajen 'yar'uwarta. Ta tambaye ni inda za ni, na ce biyan bashin da ba na kuɗi ba. Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba, ta miƙo mini goro.

Da azahar muka sauka Bukkuyum wajen shugaban ƙungiyarku, mai rumfar cajin waya a bakin kasuwa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya aika aka damo fura mai sanyi, Allah ya saka masa. Wayoyi reras a bayansa suna ƙyalli kamar idon mage. Na ce masa, "Ɗan nan, abin da yaron nan ya rubuta, goge mini shi. Malamai ma suna wanke allo."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wanga allo ba ya wankuwa. Mabuɗin shafinsa ya tafi da shi. Ko da yana raye, in ya gyara na sama, na asali na nan ajiye cikin na'urori ko'ina a duniya."

Na ajiye ludayi. Ashe mutum na cikin kabari, bakinsa na waje yana ta zagi. Na yi kuka a tsakiyar kasuwa, ban ji kunyar kowa ba. Shugaban ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka danne mai ƙwaryar, tun lokacin ba sa gaisawa, amma zai raka mu. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfa. Muka kwana gidansa, washegari muka kama hanya.

Gummi ta fi mu rai. Ga albasa tuli-tuli, ga busasshen kifi yana cika hanci, ga ƙorai an kife su kamar kawunan jama'a a masallacin idi. Kifin ya fi namu araha, sai dai ba ciki ya kai ni ba. Da tambaya muka kai gidan. Muka same shi a zaure, magidanci mai furfura kaɗan, wuƙaƙen zane cikin garwashi, ƙwarya a cinya. Da ya ga ɗan rakiyarmu, fuskarsa ta canza.

"Mata su shigo," in ji shi. "Kai kuwa ga inuwar darbejiya can. Ka saba danne mutane daga nesa, zauna nesa."

Bawan Allah bai musa ba, ya koma waje.

Bayan gaisuwa na ce, "Malam, ni ce uwar wanda ya kira ka ɓarawo. Ya rasu. Na zo roƙo."

Ya juya wuƙa a wuta. Sannan ya ce ya ji rasuwar, kuma har ya ɗauki waya zai yi ta'aziyya ya ajiye. Ya ce ba danne shi da aka yi ya fi ci masa rai ba. Ubansa makaho ne, shi ya koya masa zane tun idonsa na gani, kuma wani ya karanta wa tsohon abin da aka rubuta a kansa. "Yini ya yi bai ci abinci ba, Inna. Ina aka san shi a waya?"

Na sauka daga tabarma na durƙusa a ƙasa. Ya zabura ya ce, "Subhanallahi, tashi, kin haife ni!" Na ce ba na tashi. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "To, na ji. Amma ni sunan shafinsa kawai na sani, sunan wasa ne, ban taɓa ganinsa ba. Ba a kai wa Allah sunan wasa. Mi ne sunansa na yanka?"

Na dubi matar ɗana, ta rufe fuska da mayafi. Mace ba ta kiran sunan miji. Ni kuwa ɗana ne na fari, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, ko yana zazzaɓi, ko ranar da aka shigo mini da shi a kan amalanke. Wanda zai iya faɗa yana can gindin darbejiya, mai gida bai yarda ya shigo ba.

Na faɗa. Muryata ta fito kamar ta wata. Sau ɗaya na kira ɗana a duniya, ba ya kuma wurin da zai amsa.

Mai ƙwarya ya ɗaga hannu ya ambace shi da sunan, ya ce ya yafe duniya da lahira. Ya shiga ciki ya riƙo hannun tsohon, shi ma ya yafe, har ya yi masa addu'a mai tsawo. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Mai gida ya zuba wani a kwano ya ce a kai wa na waje, amma bai ce ya shigo ba. Dandalin kuwa, mai gida ya ce ya bar shi har abada, sai dai zai shiga sau ɗaya ya rubuta a ƙarƙashin zagin cewa ya yafe. Yarinyar nan ta ce ya rubuta, ta gani, wasunku ma sun gani.

Muka kwana ɗakin matar mai gida, da hantsi muka biyo motar farko. Mun iso Anka lafiya bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura, ɗakin ɗana na nan a rufe yadda muka bar shi. Nauyin ya ragu, kewar ba ta ragu ba.

Abin da na gano a tafiyar nan, ku mutanen kirki ne, kun ciyar da ni ba ku san fuskata ba. Amma yatsan da kuka aiko mini da gero, da shi kuka danne mutumin can, kuma ba ɗana kaɗai ya yi ba. Gummi ba nisa, da tambaya ake samun gidan. Ku je da ƙafarku tun kuna da ita. Kada ku bar wa uwayenku wannan tafiya.