Gidan Ƙarshe Kafin Gonar Masara

Malam Djibrilla maƙwabcina ne a East Greensboro ta Amurka, shekara goma sha huɗu ke nan. Shi Bazabarme ne daga Dosso, ni Bagobiri, to duk abin da na faɗa a kansa halal ne, wasan kakanni ne muka gada.

Aikinsa tuƙa babbar motar da ke kai kujeru da gadaje gidajen mutane. Shekara ashirin da biyu yana yi, bai taɓa kunna GPS ba. "Matar nan ta cikin waya," in ji shi, "ta taɓa zuwa Sedgefield ne da za ta nuna mini hanya?" Sunan titi ma bai dame shi ba. Tambaye shi wani gida a Irving Park, sai ya ce ka wuce bishiyar da ta karkace, ka yi dama a gidan tsohuwa mai jar ƙofa. Abin haushin, ba ya ɓata. Na daɗe ina jira.

'Yarsa Dalila tana aure a Kanada, a wani gari Milton, kusa da Toronto. Sau ɗaya ya je, shekara huɗu da suka wuce, ya dawo yana ba mu labari a masallaci: gari ne shiru, gidan Dalila shi ne na ƙarshe, daga shi sai gonar masara iya ganinka.

Bara cikin watan Agusta Dalila ta haifi mace. Mijinta, Abubakar Sadiq, ya girmama surukinsa, ya ce shi zai zaɓi suna. Djibrilla ya zaɓa ya rufe bakinsa. Suna, a wurinsa, a kunnen liman ake raɗa shi ranar bakwai, ba a yawo da shi a waya. Na yi masa dabara iri-iri a hanya, don ni ya ɗauka abokin tafiya.

"Ko harafin farko, Malam."

"Adamou, ci dabinonka."

Muka kwana a Buffalo, muka tsallaka iyaka bayan asuba. An sa raɗin suna ƙarfe takwas, saboda liman ma'aikacin asibiti ne, takwas da rabi zai wuce aiki. Bakwai da kwata muna cikin Milton. Na ce ya ba ni adireshi in sa a waya, ya ce bai taɓa riƙe adireshin 'yarsa ba, ya san gidan.

Muka bi titin da ya sani har inda ya ce gari ya ƙare. Gari bai ƙare ba. Gidaje ne jere, duk kala ɗaya, gareji ɗaya, 'yar bishiya ɗaya a ƙofa an ɗaure ta da sanda. Ga makaranta sabuwa, ga shataletale, ga wasu gidajen ko rufi ba a sa musu ba.

"Nan gonar take," ya ce a hankali.

"Wataƙila ta je gaisuwa ne, za ta dawo."

Lissafinsa shi ne, tunda gidan Dalila ne na ƙarshe, mu nemi ƙarshen gari. Muka yi ta tafiya har muka ga masara da gaske. Ya sauka da babbar rigarsa da kwandon goro, ya danna ƙararrawar gidan ƙarshe. Wani Bature ya fito da kofin kofi, ya ce sunansa Bernard, watansa biyu da tarewa, kuma masarar nan ma an ce baɗi babu ita.

Takwas da minti goma. Djibrilla ya dawo mota ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Can ya miƙo hannu.

"Kira mini yaron nan."

Abubakar Sadiq ya turo adireshi. Matar cikin waya ta ce minti ashirin da biyar. Gidan Dalila yanzu tsakiyar unguwa yake, mun wuce shi tun tuni. Abubakar Sadiq ya sake kira, wai liman ya ce a yi haƙuri, ba zai iya jira ba, ga mutane sun taru, Baba ya faɗi sunan kawai.

Djibrilla ya daɗe yana kallon masarar. Sannan ya juya mini baya, ya kare bakinsa da tafin hannu, ya raɗa a cikin wayar. Bai san Abubakar Sadiq ya sa sifika ba. Falo guda ya ji, har matan da ke kicin.

"Hamsatou."

Sunan marigayiya matarsa ne, mahaifiyar Dalila. Sai muka ji kukan Dalila daga nesa a cikin wayar, sannan muryar liman ya fara addu'a. Muka ɗaga hannu a cikin mota, a bakin gonar mutane, muka shafa tare da su.

Da aka gama ya mayar da hularsa, ya ta da mota, ya ɗan kalli wayata.

"To, ta yi magana mana. Hagu ko dama?"