Shekarar da Ba Mu Yashe Kwata Ba

Tun tasowata a Birni, kafin ruwan farko ya sauka mazan lungunmu ke fitowa gayyar yasar kwata. Ba a aika wa kowa. Asabar ɗaya da hantsi sai dai ka ji ƙarar shebur, kai ma ka ɗauko naka. Gidan gwaggona, ƙanwar babana, shi ne a ƙarshen gangaren. Ginin ƙasa ne, kuma in kwata ta toshe, a gindin katangarta ruwa ke kwana.

A shekarar da nake magana, ba a daɗe da gama zaɓe ba, kowa bakinsa cike yake da 'yanci. Na tayar da zancen gayya a fadarmu ta shan shayi. Alhajin lungunmu, mai kantin siminti, wanda ya ɗaga gidansa sama da na kowa, ya ajiye kofi ya ce, "Malam, ni ina biyan harajina na lanho. Wannan aikin meri ne, ofishin magajin gari. Dimokuraɗiyya ake, ba mai sa ni dole."

Wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da ke zama da mu ya ce, "Alhaji, kai da Allah ya buɗa wa, ai kai ya kamata ka ɗauko leburori. Kullum talaka ke yi wa mai hali aikin banza?"

"Sato dukiyar na yi?" in ji Alhaji.

Ni kuwa da baƙar zuciyata, maimakon in lallaɓa su, sai na ce wa Alhaji marar imani, na ce wa mushe sarkin surutu. Na kuma rantse a gaban kowa ba zan taɓa shebur ba sai duk sun fito. Kaico! Aikin da ni kaɗai zan iya ci a kwana biyu.

Sati uku muna abu ɗaya. Gwaggo ta tare ni a ƙofarta ta ce, "Ɗan nan, yaushe za ku yashe?" Na ce, "Gwaggo, magana ce ta haƙƙi, muna kanta." Ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda hadari ke tasowa.

Wata Alhamis bayan la'asar aka kece da ruwa. Kafin magariba katangar ta zauna, ta ja ɗakin da aka kawo Gwaggo tana amarya. Allah ya sa tana maƙwabta.

Washegari duk muka hallara. Alhaji ya kawo buhun gero, mushe ya rubuta wa meri takarda mai zafi da Faransanci. Har a kan ɓaraguzan suka ci gaba da musun laifin wane ne. Kunya ta ishe ni, har yau ba ta sake ni ba. Kwatar tana nan a toshe, ba wanda ya ƙara zancen gayya.

Ranar ni shebur na zo da shi. Gwaggo tana ɗaure 'yan kwanukanta, za ta koma wurin 'yarta a Mirriya. Ta dubi shebur ɗin, ta dube ni.

"Mayar da shi, ɗan nan," ta ce. "Yanzu ruwan ba shi da abin da zai ci."