Takardar da Baba Ya Naɗe a Leda

Shekara goma sha tara Baba ya yi yana gadin ƙofar masaƙa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sana'arsa ta biyu raba faɗa ce. Inna kan ce ko kaji ne suka kaure a layinmu, sai ya zura takalmi ya fita.

Wata Laraba direbobin masaƙar biyu suka sarƙe a bakin ƙofar, ɗaya riƙe da sifana. Baba ya shiga tsakani ya daka musu tsawa. Manaja ya leƙo ta taga, ya ji muryar Baba ta danne ta kowa. Washegari aka sallami su ukun da takarda iri ɗaya.

A takardar akwai wata kalmar Turanci da aka ja wa layi, Baba na ce mata "burol". Ya naɗe takardar a leda ya yi ta yawo da ita. Malamin makaranta ya ce dambe take nufi, mai kemis ya ce rigimar mashaya ce. Duk fassarar da aka ba shi sai ya girgiza kai, har da ɗan murmushi.

"Kun gani ko? Ƙarya suka yi mini. Ni ban taɓa kowa ba."

Wannan maganar ce ta riƙe shi tsawon shekaru, yana sayar da sabulu da ashana a ƙofar gida, kansa a ɗage.

Ni kuwa da na shiga jami'a sai rawar kai ta ɗebe ni. Na aro ƙaton ƙamus na kawo gida, wai zan wanke mahaifina.

"Baba, ka ga, ba a ma tabbatar da asalin kalmar ba. Amma tun can da, ba sai an kai hannu ba. Ɗaga murya ma da hayaniya sun isa a kira su haka."

Ya daɗe yana kallon shafin da ba ya iya karantawa.

"Ɗaga murya?"

"E, Baba."

"To ai na ɗaga, 'yar nan. Ashe da gaskiyarsu."

Na yi ta bayani har bakina ya bushe, amma a banza. Garin neman gira na rasa ido, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Jiya maƙwabta suka kaure a bakin famfo. Inna ta ajiye masa takalmansa a ƙofar ɗaki kamar yadda ta saba. Ya tashi a hankali, ya tsallake su, ya je ya rufe taga.